Ƙaramin Direba Bai Yi Magana Ba

Daga Filinge zuwa Yamai

Kafin kiran assalatu muka fita, ni da wana Arzika, tsohon sarjan soja. Kun san ni, ko kasuwar Abala sai an ja ni nake zuwa. Amma surukina da ke aikin gidan waya a Damagaram ya aiko cewa ɗiyata ta fari ta haihu, kuma jikinta ba daɗi. Kakarta da ta goye ta ta rasu, ba mai tsaya mata wankan jego sai ni. Ya ce ta mota za a daɗe, ya sama mana wuri a jirgin sama.

Babbar mota ce ta buhunan wake, muka hau bisa kaya. A Bankuku muka yi sallar asuba. A Baleyara jandarma ya tsaida mu, ya buɗe ƙullina ya ga kanwa da daddawa, ya toshe hanci.

Direba ya ce masa, "Bar ta, Damagaram za ta, ta sama."

Jandarma ya dube ni ya ce, "Inna, da wannan daddawar? Ai tsuntsaye ma sai sun kauce."

Da la'asar muka shiga Yamai, muka sauka gidan wani Bakurfe ɗan ƙasarmu, abokin sojan wana. Matarsa ta yi mana shinkafa da kifin kogi. Na ci kaɗan, cikina yana Damagaram.

Cikin jirgi

Washegari da hantsi muka shiga. Ciki a karkace yake kamar hawan tudu, sai ka dafa kujeru. Ƙofar gaba a buɗe take, don haka ina hangen masu tuƙi: babban direba mai furfura a hagu, ƙarami a dama, dukansu Nasara. Bayansu wani baƙin mutum da abu a kunne, wana ya ce shi ne mai waya, shi ke magana da mutanen ƙasa.

Da muka tashi kunnuwana suka toshe. Na ce, "Yaya, na kurmance!"

Ya ce, "Haɗiye miyau, Dije. Da Allah ya sa bakinki ne ya toshe da mun huta."

Na leƙa taga. Gonaki kamar ƙyallaye da aka shanya, shanu kamar tururuwa. Na tambayi wana yadda jiragen nan ba su karo, tunda ba hanya a sama. Ya ce akwai, ana raba musu ita ne bisa da ƙasa: wannan ya bi tsayi kaza, wancan ya bi ƙarƙashinsa, kuma mutanen ƙasa ke rabon.

Ni ban jin Faransanci, amma ina jin murya. Can sai na ga mai waya ya sunkuya ya gaya wa ƙaramin direba wani abu. Ƙaramin ya juya wajen babban ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin ta amarya gaban uwar miji. Babban yana ta kallon gajimare, bai amsa ba. Aka jima, ƙaramin ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa wani agogo a gabansu. Ya yi gyaran murya. Ya sake ƙwanƙwasawa.

Na ce, "Yaya, yaron can yana da magana a bakinsa."

"Ke dai kowa mai magana ne a wurinki."

Bai rufe baki ba jirgin ya ɗaga kai sama kamar doki ya ga maciji. Ƙullina ya gangara baya, wata Banasariya ta yi ƙara, ni kuwa salati. Ta taga na ga wani jirgi ya wuce ƙarƙashinmu, kusa ƙwarai, har na ga tagoginsa a jere. Wana da ya yi yaƙi ma ya riƙe hannuna har ya bar mini shaida.

Maraɗi

An sauka shan mai. Muka zauna a inuwar fiffike, mai waya ya zo da gorar ruwa. Ashe ɗan Dahome ne, amma a Damagaram ya girma, Hausa a bakinsa tsaf. Wana ya ba shi goro ya ce, "Samari, mi ya faru?"

Ya ce, "Sarja, mutanen ƙasa sun ce mu ƙara hawa, akwai jirgi tafe daga gabas a tsayin da muke. Na gaya wa ƙaramin. Ƙa'ida ita ce ya gaya wa babban, babban ya maimaita da bakinsa, a tabbata ya ji. To bai maimaita ba, hankalinsa na kan hadari."

Na ce, "To mi ya hana yaron ya sake faɗi?"

"Inna, tsohon shi ya koya masa tuƙi. Ko taba ba ya sha a gabansa. Ya ɗauka ya ji, yana da dalilinsa ne. Agogon nan kuwa shi ke nuna tsayi, sai ya yi ta taɓa shi ko tsohon ya duba da kansa."

"Ashe Nasara ma suna kunya?"

"Yau kam ta kusa kashe mu. Da tsohon bai hango jirgin da idonsa ba, da shi ke nan."

Can gefe na ga babban yana yi wa ƙaramin faɗa, yana nuna bakinsa da yatsa. Wana ya saurara ya ce, "Cewa yake, gobe in ka ga haka, ka yi mini ihu."

Damagaram

Kafin la'asar muka isa. Na sami ɗiyata kwance, fuskarta ga bango, jariri a gefe. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tambayarta lafiya baki da baki ba. 'Yar fari ce, haka muka gada. Sai na tambayi maƙwabciya, "Yaya mai jegon?"

Ta ce, "Ta ce da sauƙi."

Na ɗauki jariri, na gyara tabarma, na matsa mata ƙwaryar kunu kusa. Na yi gyaran murya. Da na ji gyaran muryar nan daga maƙogwarona, sai yatsan yaron can ya faɗo mini a rai.

Na ce, "Rabi."

Ta juyo a firgice, idonta jawur.

"Rabi, ni ce uwarki. Gaya mini da bakinki, ina ke ciwo?"

Ta fashe da kuka. Jini ne bai tsaya ba tun haihuwa, ga zazzaɓi, kuma ta ji nauyin gaya wa mijinta, shi ma ya ji nauyin tambaya. Na maimaita mata abin da ta faɗa don ta san na ji, na aika a kira mijin. Kafin magariba tana hannun likita. Ya ce da an ƙara jinkiri da magana ta canja.

Komawa gida

Sai da ta yi arba'in, tana daka da kanta, sannan muka kamo hanya. Ta mota muka dawo, ta Ƙonni da Dosso, ƙashin bayana har yau bai yafe mini ba. Mun shiga Filinge ranar kasuwa, mata suka taru suna tambaya ko na ga Makka daga sama.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu, na gode wa wana da mai masaukinmu na Yamai, da ɗan Dahomen nan da ban tambayi sunansa ba. Masu cewa na zubar da kunya don ina kiran sunan 'yar fari, na ji ku. Rabi tana gaishe ku.