Matar da Ta Zare Waya da Hannunta

A ofis Anti Saba ake ce mata, don shekara tara ke nan tana kula da saba, wato na'urorin da ke ɗauke da shafin rajistar kwalejin na intanet. Ɗakinta yana ƙarshen baranda, ba taga, ga sanyi kamar cikin firji, shi ya sa ko ana zafi da rigar sanyi take yawo. Ba ta da yawan magana, amma akwai zuciya.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci mata rai. In ɗalibi ya shiga shafin, na'ura guda ce ke riƙe da shi a ƙwaƙwalwarta: wane ne shi, ina ya tsaya a cike fom. Ko tari na'urar ta yi, sai kowa ya tsinci kansa a waje. Bara haka ta faru ranar rufe rajista, ɗalibai ɗari huɗu suka rasa zango, har da 'yar yayanta.

Bana ta nemi na'ura uku.

"Kai, Anti!" in ji shugaban sashe. "Ciwon kan guda ɗaya bai ishe mu ba?"

Ya ba ta tsofaffi, da sharaɗin in shafin ya sake faɗuwa za a miƙa aikinta ga kamfanin waje. Ta haɗa su, ta mai da ɗaya babba, yadda duk abin da babbar ta riƙe sauran biyun za su kwafa nan take, in ta mutu kuma su zaɓi magajiya a tsakaninsu.

Ana gobe rufewa, tsoho mai shara ya tsaya da tsintsiya yana leƙen ƙarƙashin tebur.

"'Yata, ukun nan da kike ta yabo, ashe a soket ɗaya suke shan wuta? In tsintsiyata ta taɓa fa?"

Kunya ta rufe ta. Wata biyu tana lissafi, ga mai shara ya gano ɓarakar a tsaye! Ta durƙusa cikin ƙura ta raba wa kowacce layinta.

Washegari da tsakar rana, mutum dubu biyu na kan shafin, fankar babbar na'urar ta tsaya, ɗaki ya ɗauki ƙauri. Shugaba ya faɗo yana haki. Anti ba ta jira na'urar ta mutu da kanta ba, ta miƙa hannu ta zare wayarta.

"Anti! Kin haukace ne?"

"Ranka ya daɗe, dubi allo."

Ita ma ta kafa wa allon ido. Daƙiƙa huɗu, ta biyun ta karɓi ragama. Dubu biyun nan suna nan, ko ɗaya bai fita ba.

Ta ja shi zuwa ɗakin kwamfuta na ɗalibai, suka leƙa. Kowa na ta danne-dannensa, babu wanda ya ɗago kai. Daɗi ya kama ta har sai da ta dafa ƙofa.

"Ba su ma san an yi komai ba," in ji shugaba.

"Abin da na yi shekara tara ina nema ke nan."