Iya Rifkatu mai kunun gindin maina

Da sassafe, kafin masu kabu-kabu su cika titunan Zinder, Iya Rifkatu ta riga ta dama kunun gyaɗa. Sai ta ƙulle sabulu da soso da wankakkun zannuwa, ta nufi asibiti, gindin itatuwan maina, wato dogon yaro, inda masu jinya daga ƙauye ke shimfiɗa tabarma. Tela ce, Kirista, shugabar zumuntar mata a majami'arsu. Matan ne ke tara gero da sukari, su fito ranar Talata da Juma'a. Ita kuwa kullum tana can, fiye da shekara ashirin.

Ta san halinmu. Mutumin Damagaram zai wuni da yunwa bai karɓi sadaka a hannun baƙo ba. Saboda haka ba ta cewa "ungo". Sai ta tsaya a kanka ta ce, "Ɗan'uwa, taimake ni. Ciwon sukari ya hana ni sha, ɗanɗana mini ko ya ji." Ta cika kofi. Ka kurɓa ka ce ya yi daidai, ta ce, "To ai ka sa baki, wa zai sha sauran? Shanye." Haka ta yi mini, na shanye.

Bara da damina ne. 'Yata Munira, mai shekara goma sha huɗu, ta kwanta da ciwon ciki a garinmu Garagumsa. Daga asibitin Takieta aka turo mu Zinder, aka yi mata aiki. Uwarta tana jego, ko suna ba a yi ba, sauran matan dangi kuma noma ya riƙe su. Ni kaɗai na biyo ta.

Aiki ya yi kyau, amma yarinya ta ƙi ci, ta ƙi sha. Na sayo madara, na sayo lemo, ta juya fuska bango. Majo Kolo, babban ma'aikacin jinya na ɓangaren, ya ja ni gefe ya ce in ba ta ci ba ɗinkin ba zai kama ba. Ina tsaye a tagar ɗakin mata ina kallon leɓenta yana bushewa, ban san abin yi ba.

Ranar da Iya ta ba ni kunun nan, da na miƙa mata kofinta, sai ta tambaye ni wa nake jinya. Na gaya mata.

"Wa ke shiga da ita bayi? Wa ke mata wanka?"

Na ce, "Ni kaɗai ne a nan, Iya."

"Kai? Da gemun nan naka?" Ta tafa hannu. "Malam, yarinyar nan ba abinci ta ƙi ba. Ta san in ta ci sai ta zaga, kuma ba mai riƙe ta sai ubanta. Gara mata yunwa."

Ta ɗauki ƙullinta za ta shiga, na ce a hankali, "Iya, mu fa Musulmi ne."

Ta ce, "Na ga carbinka tun ɗazu. Wanka zan yi mata, sabulun nan kuwa ba ya zuwa majami'a."

Ta ja labule. Da ta fito, sai ta kira ni taga. Munira tana zaune da sabon zane, kofi a hannu, tana sha tana ɓoye fuska. Na koma gindin maina na yi kuka kamar yaro.

Har aka sallame mu, Iya ba ta fasa zuwa ba, safe da yamma. Ta samo mata dutse mai tsabta don taimama, in an kira salla ta ce, "'Yata, ga liman ɗinku can yana kira, tashi zaune." Ran Lahadi ta zo da mata biyu daga majami'a, suka yi mata kitso suna tsokanarta wai za su riƙe ta surukarsu.

Ba mu kaɗai ba ne. Mahamud, mai kabu-kabun da ke ɗaukar Iya, ya ba ni labarin wata tsohuwa Bafillatana da ba ta jin Hausa. Da aka sallame ta, Iya ta raka ta har tasha, ta damƙa ta a hannun direban Mirriya, ba ta tafi ba sai da mota ta tashi. Majo Kolo kuwa cewa ya yi su allura suka iya, sauran aikin nata ne.

Iya Rifkatu, uwar baƙi, ke ce kika wanke ɗiyar mutumin da ba ki san sunansa ba. Ke ce kika ciyar da mu ba tare da kin sa mun sunkuyar da kai ba. Kin ce Ubangijinki ya umarce ki ki kula da baƙo, kin kula, ba ki taɓa neman mu bar namu addinin ba. Na gode. Uwar Munira ta gode. Munira ta koma kwaleji, tana cin tuwo fiye da yayyenta.

Yanzu na ji gwiwa ta hana ki fita, a ƙarshen watan nan za ki zauna gida. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki. Matan zumunta sun ce za su ci gaba, amma kwana biyu ne a mako, ciwo kuwa kullum ne. Shi ya sa nake roƙon matan Zinder, na islamiyya da na majami'a. Ba sai kuna da dukiya ba. Ku ɗauki sabulu da zane ɗaya ku leƙa asibiti. In kun ga namiji tsaye shi kaɗai a tagar ɗakin mata, kada ku wuce shi. Ku shiga ciki, ku ja labule, ku tambayi yarinyarsa ko ta yi wanka.