Malam Soumaïla, Mai Ɗaure Koton Masu Ciwon Baya

Kafin a buɗe shagon kayan kamun kifin da ke hanyar McLeansville, Malam Soumaïla ya riga ya shiga ta ƙofar baya. Zai ɗora shayi, ya rataye jaket ɗinsa a ƙusa, ya zauna kan wani benci da ya girmi wasu daga cikin 'ya'yanmu. A gabansa akwai gashin wutsiyar barewa da mafarautan unguwar ke kawo masa, da jan zare, da ƙugiyoyi, da 'yan ƙarafa masu kama da bakin cokalin shayi. Da su yake ɗaure koton ƙarya, wato abin da ake jefa wa kifi ya zaci abinci ne. Masu saye kan shiga ta ƙofar gaba su ɗauka su tafi, da yawansu ba su ma san da mutum a bayan labulen ba. A haka ya shafe shekaru, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aikin.

Shi Basarke ne daga Gaya, ta Nijar ba tamu ta Kano ba, a bakin kogi aka yanke masa cibiya. Ni kuwa Bakano ne, kafin in zo Greensboro ta Amurka ban san kifi ba sai a cikin miya. Ciwon baya ne ya haɗa mu.

Gaskiya mun gaji. Wanda ba ya ɗaukar kwali a sito yana bayan sitiyarin tasi, wanda ba ya nan yana tsaye gaban inji tun safe har yamma. Ƙasar nan a ƙugu take fara cin mutum. Abin da ya rage wa wasunmu na hutu shi ne ranar Asabar, mu cika mota mu nufi kogin da ke can cikin duwatsu, neman wani kifi da ake kira maski. Dogo ne, mai haƙora, ga shi da jan rai: sai ka wuni kana jifa bai ko leƙo ka ba. Koton da aka saba jefa masa ya kusa tsawon muciya, ga nauyi. Ka jefa, ka naɗo zare da ƙarfi, in ya iso gefen jirgi ka sunkuya ka zana siffar lamba takwas a cikin ruwa da bakin sandar fatsa, ko kifin da ya biyo zai kai cafka. Mai lafiya ma yana ji a jikinsa, balle mu.

Maganin a fili yake, a ba mai ciwo koto marar nauyi, mai ƙaramin ƙarfe wanda ba ya turjewa in ana naɗo shi. Amma wa zai yarda shi ne mai ciwon? Ka tambayi ɗayanmu yaya jiki, ko da rarrafe ya shigo sai ya ce maka da sauƙi. In ya je shago kuma, mafi nauyi zai ɗauka, don kada a ce ya tsufa.

Shi ya sa Malam Soumaïla ya daina tambaya. Ranar Juma'a in an idar da farilla sai ya koma jikin bango da carbinsa, ya zuba wa masu nafila ido. Yana lura da wanda ke dafa gwiwa kafin ya ɗago daga ruku'u, da wanda ke jinkiri a sujada ba don tsawon addu'a ba, da wanda ya fara kallon kujerun da ke ƙarshen sahu. Ranar da na miƙa hannu zan ɗauki wani jibgegen koto a shago, sai na ji murya daga bayan labule.

"Surajo, ajiye wannan, ba naka ba ne. Hannun hagu kake dafawa in za ka tashi daga sujada, na gani. Bon, karɓi wannan."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa kallona haka.

Ba wai bai taɓa yin shirme ba. Wata shekara ya ce zai ɗaure mana koto da gashin ragon layya, don albarka. Ragon nan kuwa mai ulu ne, yana shiga ruwa ya sha ya ƙoshi, ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ranar duk mun dawo a karkace, kuma har yau ba mu bar tsokanarsa ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Baba Rabiou, wani dattijo ɗan garin su Malam Soumaïla, wanda aikin sito ya kai shi har ga tiyatar baya. Bayan ya warware ya saci jiki ya bi mu kogi da tsohon kotonsa, aka dawo da shi kwance a kujerar bayan mota. 'Yarsa Oumaima, ma'aikaciyar jinya ce, ta kwashe sandunan fatsarsa ta kulle a but ɗin motarta. Ba wanda ya ga laifinta, ita ce ke ɗaga shi in ya kasa tashi. Sai dai tun daga ranar Baba Rabiou ya yi shiru. Ya zauna gaban talabijin, ba ya cin abin kirki, ba ya ɗaga waya. Mutumin da ya tashi a kan ruwa aka ce ya gama da ruwa.

Malam Soumaïla ya je gidan, ya gaida Oumaima kamar yadda ake gaida likita.

"'Yata, ara mini babanki Asabar guda. In ya dawo bai hau matakalar nan da ƙafarsa ba, ni da kaina zan karya sandunan."

"Baba, ba ku san yadda nake ji ba," in ji ta. "Kullum babana cewa yake ça va, ça va, wai lafiya lau, alhali ko safa ba ya iya sa wa kansa." Sannan ta ce, "One time. Sau ɗaya tak."

Ya kwashe mako yana shiri. Ya ɗaure koto ƙarami da gashi kaɗan, ya sa masa siririn ƙarfe, ya rage ƙugiya. Ya nemo sanda mai tsawo, yadda za a zana takwas ɗin a tsaye ba sai an sunkuya ba. Ya ɗaura kujera mai majingini a jirgin.

Ina cikin jirgin ranar. Har la'asar ba mu ga komai ba. Can sai ga wata doguwar inuwa tana bin koton Baba Rabiou. Tsohon ya miƙe, bayansa a miƙe, ya zana takwas a hankali, ya sake zanawa. Kifin ya zagayo, ya dubi koton, ya juya abinsa ya nutse. Muka zuba wa tsohon ido, muna tsoron abin da zai biyo baya. Sai Baba Rabiou ya fashe da dariya, ya bi kifin da baƙar magana har da kakanninsa. Bai rufe baki ba har muka shigo gari. Oumaima na tsaye bakin ƙofa lokacin da ya hau matakalar, hannunsa ko ƙarfen dafawa bai taɓa ba. Sai ta je ta buɗe but ɗin motar.

Malam Soumaïla, kai ne ka ga ciwon da muke ɓoyewa, ba ka kuma tona mu a gaban mutane ba. Kai ne ka mayar wa tsoho koginsa, ka mayar wa yarinya ubanta. Basarke mai sanyin hannu, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Mu kuma da muka rage, mu rage dogara da "da sauƙi". Mu riƙa duban na kusa da mu a sahu.

Abin da ba mu lura da shi ba, shekarun da Malam Soumaïla ya yi a sunkuye kan bencin nan sun ci nasa bayan, shi ya sa zai ajiye aikin. Juma'ar da ta wuce, a karon farko, ya ja kujera ya yi sallah a ƙarshen sahu. Da aka fito na ce, "Malam, yaya jikin?" Ya ce da sauƙi.

Baba Rabiou ya matso, ya zaro wani abu naɗe cikin hankici daga aljihu, ya damƙa masa. Ƙaramin koton nan ne.

"Wata biyu ke nan ina kallon ruku'unka," in ji shi. "Wannan ne naka yanzu. Asabar ka shirya, ni zan tuƙa, kai za ka zauna a kujerar."