Waken Batulu a Shafin Baya

Duk wanda ya yi karatu a kwalejinmu da ke Gwagwalada ya san Batulu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai ƙosai da kunun gyaɗa a gindin darbejiya, hannun hagu in ka fito daga babbar ƙofa. Ɗalibai Mama suke ce mata. Tana da wata ɗabi'a: in ta kwashe ƙosai daga kasko sai ta ɗauki guda ta matsa shi da yatsu, ta dube shi, ta ɗan girgiza kai, sannan ta zuba wa mai saye. Na daɗe ina ganin wannan girgiza kai ban san dalilinta ba.

Ni nake karɓar ƙananan tallace-tallace na Jakadan Kwaleji, jaridar da ɗalibai ke bugawa wata-wata, rabi Turanci rabi Hausa. Shafina shi ne na baya. A nan ake cigiyar abokin zaman ɗaki, a nan masu gama karatu ke sayar da katifa da risho, tela ya sa lambar wayarsa, wanda ya yar da katin shaida ya roƙi a taimaka. Teburina a barandar ofis yake, kuma a nan Batulu ta same ni wata ranar Litinin da hantsi, farkon damina, ta rufe kaskonta ta zo da mayafi.

"Malam Labaran, an ce kai ne mai rubuta cigiya."

"Ni ne, Mama. Me ya ɓata?"

"Wake."

Na ɗauka buhunta aka ɗauke. Ta ce a'a, in gyara zama in rubuta. Na ɗauki biro, ta fara.

An haife ta a wani ƙauye a bayan duwatsun Gwoza. Gidansu suna da wani irin wake da ake kira mai kwalli, ƙanana ne farare, da baƙin zobe siriri kewaye da idon. Mahaifiyarta, Inna Safiyatu, ta gaje shi daga uwarta, kuma da shi take ƙosan da ake zuwa saye daga ƙauyukan maƙwabta ranar kasuwa. Ba ya son dogon bugu, yana tashi da kansa, ba ya shan mai. Duk amaryar da za a kai daga gidan sai an ƙulla mata tafi guda a bakin zane. Batulu ma an ƙulla mata. Shekarar da rikici ya shigo aka watse, gudu suka yi ba wanda ya waiwayi rumbu. Suka bi ta Mubi, suka yi Yola, daga baya wata motar kaya ta sauke su a Kuchigoro, a gefen Abuja. A can mijinta ya rasu bayan jinya. Ta yi wankau, ta yi aikatau a Wuse, ta tara abin da ta tara ta sayi kasko. Da ta ga masu ƙosai sun yi yawa a can, sai ta ɗauko tsohuwarta da 'ya'yanta biyu suka dawo Gwagwalada, inda haya ta fi sauƙi kuma ana samun ɗan fili a yi noma.

Na cika shafi biyu tana magana. Fortune, ɗalibar da ke shugabantar jaridar, ta leƙo daga ofis ta duba takardar.

"Mama, wannan magana naka ya yi tsawo fa. Shafin baya ne, ba littafi ba."

"To 'yar nan, wanne zan cire? Mubi ko mijina?"

Fortune ta ja kujera ta zauna.

Batulu ta ce shekara da shekaru tana tambaya. Ta zagaye 'yan wake na kasuwar Wuse da ta Gwagwalada, kowa ya ce yana da shi, ya ɗebo mata wani abu daban. Ita kanta ba ta amince da idonta ba, domin tana da ƙuruciya lokacin da aka rabu da shi. Inna ce kaɗai za ta taɓa ta ce shi ne ko ba shi ba ne. Ga Inna ganinta ya kusa tafiya, wani lokacin har sunan jikokinta sai ta lalubo. Ga shukar wake ba ta wuce watan takwas.

"In bana ta wuce, ban san ko baɗi akwai wanda zan tambaya ba," in ji ta. "Yaran nan naku daga ko'ina suke. Wani zai ce ya taɓa gani a gidansu."

Muka zauna mu uku muna yanka. Abin da ya rage shi ne: Ana cigiyar irin wake mai kwalli na bayan Gwoza, ƙanana farare da baƙin zobe a ido. Ko tafi guda ne. A nemi Mama mai ƙosai a ƙofar kwaleji. Da na karanta mata, ta ce ita ba ta karatun boko, ta yaya za ta gane nata a cikin na mutane? Sai in zana waken a gefe. Na zana iyakar iyawata. Fortune ta duba ta fashe da dariya.

"Oga Labaran, wannan wake ne ko idon kaza?"

"Bar shi haka," in ji Batulu. "Ai haka yake kallon mutum."

Kuskuren daga wurinmu ya zo. Mai buga mana jarida ya yi jinkiri, mu kuma ba mu matsa masa ba, har ta fito ranar da aka gama jarrabawa. Ɗalibai na jan akwatuna zuwa tasha, ba mai tsayawa ya karɓi jarida. Kafin Juma'a harabar ta zama fayau, ga jaridu ɗaure-ɗaure a bayan ƙofar ofis. Ba za a dawo ba sai bayan shuka ta wuce. Fortune ta ce dama tana tunanin a soke shafin baya, tunda yanzu kowa a waya yake tallarsa. Ni kuwa na rasa yadda zan fuskanci Batulu. Da na je na gaya mata, ta ci gaba da juya ƙosai. Can ta ɗago.

"Jaridun suna nan?"

"Suna nan, Mama."

"Duka?"

"Kusan duka."

"A ba ni."

Dama ita ke karɓar tsofaffin jaridunmu tana naɗe ƙosai, don haka ban yi mamaki ba. Na yi zaton ta haƙura ne. Muka ɗora mata su a keke napep.

Bayan kwana biyu na je gindin darbejiya ban same ta ba. Mai shayin gefe ya ce ta ɗauke kasko, da safe tana tasha, da rana tana bakin asibitin koyarwa. A can na iske ta, kuma a can na ga abin da take yi. Ta ware jaridun gida biyu. Shafin farko, mai hoton shugaban kwaleji da jawabinsa, shi take fara sa wa ƙosai ya tsotse mai. Sannan ta kawo shafin baya ta naɗe daga waje, ta lanƙwasa shi yadda zanen waken zai zauna a sama, daidai inda babban yatsan mai saye zai sauka. Ba ta taɓa kuskuren gefen ba.

"Mama, shugaba fa kike jiƙawa da mai."

"Allah ya ba shi haƙuri, shi ma ya taimaka. Ɗalibanku sun tafi, amma nan waye ba ya zuwa? Mai jinya zama yake, ba abin yi. In ya cinye ƙosai zai karanta takarda."

Ta yi gaskiya. Masu jiran mota da masu jiran likita sun karanta. Cikin mako guda wani ɗalibi ya kira ni daga Lokoja yana murna an sayi firjinsa. Telan da ya sa lambarsa ya zo har ofis yana tambayar yaushe za a sake bugawa. Wake ma ya fara zuwa, a leda, a gwangwanin madara, a aljihu. Wani direba mai suna Surajo ya kawo mudu guda yana rantsuwa daga Maiduguri ya ɗauko shi.

Kowane aka kawo, sai Batulu ta kai gida da yamma ta zuba a tafin Inna. Na bi ta sau ɗaya. Tsohuwar na zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ta murza na Surajo da yatsu, ta kai hanci, ta ciza guda.

"Wannan na dabbobi ne," ta ce. "Ki gode masa dai."

Watan bakwai ya ƙare a haka. Jaridun suka ragu saura ɗauri ɗaya. Filin da Batulu ta karɓa haya a bayan kwaleji an yi masa huɗa yana jira, ciyawa har ta fara komawa. Maƙwabta suka ce ta shuka na kasuwa kada ta yi asarar damina. Ta ce a bar shi tukuna.

Ranar wata Laraba wata mata mai goyo ta tsaya a gaban kaskon, riƙe da takardar da aka naɗe mata ƙosai jiya. Sunanta Sumayyah, ta kawo mijinta ne a duba masa ƙafa.

"Baiwar Allah, ke ce mai cigiyar nan? Ni zanen ne ya ba ni dariya na sa aka karanta mini. Surukina yana da wani wake haka. Ba ya sayarwa, ba ya bari a dafa sai ya ware na iri. Mu har tsokanarsa muke, muna cewa ya fi son sa da jikokinsa."

"Ina yake?"

"Nan bayan Kwali muke noma."

Batulu ce ta ba ni labarin daga baya. Shekara goma tana aika tambaya Borno da Adamawa, ashe abin yana nan, tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Tsohon bai yarda ya ba da saƙo ba. Ya ce shi zai kawo da kansa ya ga masu nema. Ranar Asabar ya zo, dogo siriri da sanda, ana ce masa Baba Maitama. Batulu ta aiko a kira ni, Fortune ma da ba ta tafi hutu ba ta biyo ni. Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da Inna. Bayan gaisuwa ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance. Ya ce ranar da aka watse yana gona yana shuka, iri na aljihunsa, da shi ya yi gudu bai ma sani ba sai da suka kwana biyu a hanya. Tun daga nan duk inda ya sauka sai ya nemi ko bakin bango ne ya shuka.

Batulu ta zuba kaɗan a tafin Inna. Tsohuwar ta murza. Ta sake murzawa, a hankali, tana bin idon kowane da farce. Ta kai hanci. Muna jira ta ciza, ba ta ciza ba. Sai ta rufe hannun ta kai ƙirji.

"Ba a cin iri," ta ce. Sannan ta juya wajen da take jin numfashin baƙon. "Kai ɗan wane gida ne?"

"Gidan maƙera, na gangaren rijiya."

"To uwarka a hannun uwata ta karɓa. Bashi ka dawo da shi."

Baba Maitama ya yi dariya har da tari. "Inna, ai sai ki yi mini ragi, na yi masa dako mai nisa."

Batulu ta yi guɗa, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, maƙwabta suka firfito. Fortune na share hawaye tana cewa, "Oga Labaran, idon kaza naka ya yi aiki."

Washegari aka shuka, ƙasa da danshin ruwan da aka yi. Inna ta sa aka riƙe ta har gona, ta jefa iri a ramin farko da hannunta. Bai cika filin ba, kunya huɗu kawai ya kama, sauran aka sa na kasuwa. Batulu ta kewaye kunyoyin nan da ƙaya saboda awaki, kullum kafin ta hura wuta sai ta je ta duba.

Da kaka ta samu abin da ya kai kwano shida. Ta ware biyar na iri, daga ciki ta mayar wa Baba Maitama ninkin abin da ya kawo, ta jiƙa ɗaya. Ranar ɗalibai sun dawo, layi har bakin ƙofa. Na ga ta kwashe kaskon farko, ta ɗauki guda ta matsa da yatsu, ta dube shi. Ba ta girgiza kai ba. Ta naɗe shi daban ta ba ɗanta ya kai wa Inna da zafinsa, sannan ta juyo ga layi.

"Yau ɗaya-ɗaya za ku samu, kuma ba na sayarwa ba ne. Wanda ya ƙara hannu zan buge shi da matsami."

Ba a soke shafin baya ba. Yanzu har ƙarin bugu muke yi na shi kaɗai, masu ƙosai da masu tsire na tasha da bakin asibiti su zo su karɓa, kuma Fortune da kanta take nuna musu yadda ake lanƙwasawa. A fitowar watan jiya Batulu ta sake zuwa teburina da mayafinta. Wannan karon ba mu yanke komai ba, domin gajere ta faɗa: Mai kwalli ya samu. Duk ɗan gida da ke so ya zo ya karɓi tafi guda. Ta ce in sa zanen nan dai, kada in gyara shi.