Toktosun Mai Samsa da Wasan Kati

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da busasshen inabi da gyada a kasuwar birnin Osh, rumfata manne da tanderun Toktosun mai samsa, wato ɗan burodin da ake cusa wa nama da albasa a gasa. Hayaƙinsa ya gama da idona, taurin kansa kuma ya gama da haƙurina. Mutum ne da zai wuni yana manna samsa a bangon tanderu bai ce maka uffan ba, gashin hannunsa duk wuta ta lashe. Matarsa ta rasu tuntuni. Ɗansu ɗaya ne, Mederbek.

Shi Mederbek ɗin ne ya saka masa wani wasa a waya, tun suna shiri. Wasan kati ne na yaƙi: kowa da katunansa biyar, wannan kerkeci, wancan gaggafa, wancan maharbi, ka jefa naka abokin karawarka ya jefa nasa, wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa ya faɗi. Minti uku an gama. A gaskiya wasan ba laifi, ko layin intanet na rawa yana tafiya, kuma dattijon da bai iya rubutu a waya ba zai iya shi. Amma yana zuƙe caji kamar me, talla kuwa bayan kowace karawa, kuma duk wanda ya sayi manyan katuna sai ya taka ka ko da bai iya komai ba.

Sai suka ɓata. Toktosun na so yaron ya gaji tanderu, yaron ya ce Mosko zai tafi neman aiki. A gabana aka yi, uban ya ce in ya tafi to ya tafi ba da albarkarsa ba. Ya kuwa tafi. A wurinmu babba ba ya fara kiran ƙarami, shi kuma Mederbek kan ubansa ya ɗauko. Shekara uku babu wanda ya ji muryar wani.

Amma kullum bayan azahar, in layin masu saye ya watse, sai wayar Toktosun ta yi ƙara: Mederbek na gayyatarsa karawa. Sai ya goge hannu a gaban rigarsa, ya zauna kan buhun albasa, ya karɓa. Ba a hira a wasan nan. Maɓallai huɗu ne kawai: "Sannu", "Kash", "Ka iya", "Na gode". Da su uba da ɗa suka rayu shekara uku. Ni dai abin haushi yake ba ni.

"Yaya Toktosun, wai ba ka gaji ba? Ka kira yaron nan mana!"

"Burul, ki ji da inabinki. Jiya ya jefa gaggafa tun farko, ai kin san yana cikin fushi. Yau kuwa a natse yake, ya ci abinci."

"Daga kati ka gane ya ci abinci? Kai dai Allah ya shirye ka."

A bazarar da ta wuce sanarwa ta fito a wasan: masu shi za su rufe shi ƙarshen wata, wai 'yan wasa sun ragu. Ni na karanta masa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ranar samsa tire guda ya ƙone masa, abin da ban taɓa gani ba.

Wata guda ina yi masa magiya, har bakina ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya, shi ne uba. Na ce to uban ya zauna da girmansa, a rufe wasa ya ga ta inda zai san ɗansa na raye.

Ranar ƙarshe gayyata ta zo kamar kullum. Wasan yana ba kowa minti ɗaya da rabi ya jefa kati. Toktosun, da ya saba jefawa nan take, sai ya riƙe katinsa har lokacin ya kusa cika. Can Mederbek ma ya yi haka. Karawar minti uku ta kai su kusan kwatan awa. Wani mai saye ya tsaya yana ƙorafi, na ce masa ya je gaba, yau babu samsa. Da aka gama, uban ya danna "Ka iya", ɗan ya danna "Na gode". Washegari wasan ya ƙi buɗewa.

Kwana huɗu ya daure. A na biyar ya zo bakin rumfata ya ajiye wayar kan ma'aunina, yana kallon gefe.

"Ki nemo lambarsa. Ni ban iya ba."

Ƙarya yake, ya iya. Na danna, na sa masa a kunne. Muryar mace ta ce da Rashanci wannan lamba ba ta aiki. Yaranmu da ke can suna canza layi kamar riga, mu duka mun san haka, sai dai babu wanda ya tuna. Na sake kira sau uku. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Ya karɓi wayar, ya juya ta a hannu.

"Shi ai yana da tawa, ko?"

"Yana da ita, Yaya."

"Ban taɓa canza ta ba," ya ce, ya koma wurin tanderu.

Wata biyar ke nan yanzu, Mederbek bai kira ba.