Ragowar Man Birkin da Na Tilasta wa Ɗana

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru na haura shekara sittin, ban taɓa zama a aji ba, kuma ni mace ce da ba ta maimaita magana. A Funtuwa na yi rayuwata ina matse man gyaɗa ina sayarwa, da shi na raini 'ya'yana bayan rasuwar mahaifinsu. Duk wanda ya matse mai da hannunsa ba ya jure ganin ɗigonsa a ƙasa. Babban ɗana ya tafi Alƙahira karatu, ya gama ya zauna yana harkar aika kaya gida. A dubu biyu da sha uku ya ɗauko ni a duba mini ido, na zauna wurinsa da matarsa a unguwar Ma'adi.

Yaron nan yana da wata ɗabi'a da ban so ba. Wasu Asabar ɗin yakan ɗauki wata ƙaramar mota ya tafi wani fili can bayan gari, inda aka keɓe don masu gudu da mota. Na yi faɗa har na gaji, ya rantse mini wurin da ƙa'ida, akwai hular kwano, ba mai tafiya a ƙasa. Na haƙura da gudun, amma ban haƙura da ɓarnar ba. Kafin kowace fita sai ya zubar da man birkin motar ya zuba sabo, ragowar kwalbar kuma ya ajiye a baranda ba ya ƙara waiwayarta. Kwalabe suka taru, wata rabi, wata ɗan kaɗan. Yawancinsu kalar ruwan zuma ne, ɗaya kuma shunayya, ta wani tsohon babur da ya sayar. Wata rana na samo gora mai tsabta na juye su duka a ciki, kamar yadda na saba haɗa ragowar mai idan kasuwa ta tashi.

Ran Juma'a da la'asar ya sauka gareji zai canza mai, na bi shi da gorata. Na karɓe sabuwar kwalbar da ya sayo, na ce sai ya ƙarar da tsohon tukuna. Ya yi dariya, yana zaton wasa nake. Da ya ga fuskata sai ya fara bayani a hankali. Ya ce man birki da zarar an buɗe shi sai ya riƙa shan danshin iska, kuma a filin gudu birki yana zafi ƙwarai, mai danshi tafasa yake yi, ka taka ka ji ba komai. Ya ce shunayyan nan kuma jinsinsa daban, ba ya haɗuwa da sauran ko kaɗan. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake harkar mai, mai dai mai ne, zaman Masar ne ya koya masa almubazzaranci. Ya ce, "Inna, don Allah ki bar mini wannan ɗaya." Ni kuwa na faɗi kalmar da har gobe nake nadamarta: "In dai ni na haife ka, wannan za ka zuba."

Ya zuba. Na jawo kujera na zauna har ya gama, mai gadin gidan yana taka masa birki shi yana ƙarƙashin mota. Daga baya na ji cewa niyyarsa ya kai wa makanikensa motar da yamma a wanke a zuba sabo ba tare da na sani ba. To lokacin ana dokar hana fita, shaguna suna rufewa da wuri, ya je ya tarar an kulle. Sabuwar kwalbar tana ɗakina, ya ji nauyin ya tambaye ni. Da safe ya ce wa kansa zai tafi a hankali. Amma wanda ya shiga filin gudu ba ya tuna a hankali. Motar ta yi zafi, ya zo kwana ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ya daki shinge.

A asibiti na tarar da shi gwiwar dama ta ragargaje. Abokansa suna tambayar abin da ya faru, ya ce musu sakacinsa ne, bai duba motar ba. Matarsa ma haka ya gaya mata. Ban yarda a rufa mini asiri da ƙarya ba, a gabansu na faɗi yadda aka yi. Makaniken, wani Bahaushen Sudan, ya zo dubiya da ɗan abin da ya tsiyayo daga motar a kwalba. Na ɗaga ta sama na gani da idona, ya rabu gida biyu, kowane ya kama gefensa. Ya ce ma'alish Hajiya, wato in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na san ƙaddara ce, amma na san hannun da ta biyo.

Ɗana ya rayu, alhamdu lillahi, yana tafiya da ɗingishi. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa. A kan kujera yake sallah, kuma duk safiya idan ya shigo gaishe ni sai ya dafa bango yana neman tsugunawa ya kasa, ya ce in yi haƙuri. Shi ke ba ni haƙuri.

Abin da na gane shi ne, biyayyar ɗa amana ce a hannun uwa, kuma ni na kashe ta a kan abin da ban sani ba. Iyaye 'yan'uwana, idan ɗanku ya roƙe ku a kan sana'ar da ya fi ku sani, ku riƙe kalmar haihuwa a bakinku, domin ɗan kirki zai bi ta ko da zai halaka. Ku kuma masu gudu da mota, ku zuba irin man da motarku ke ci, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. In kun yi shakkar abin da ke cikin birkinku, ku ajiye makulli ku zauna a gida, ko wa ya ji haushi.