Abin da Mai Wanka Ya Gani

Ina cikin takaba na fara karanta littattafan binciken kisan kai. Kafin nan ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ni labaran gida nake rubutawa, na aure da zaman tare da rainon yara. Da biro nake rubutawa, in kwafe a waya, in tura wa matan da ke bibiyata babi-babi. Yawancinsu 'yan nan Tudun Wada ne da Kiru da Bebeji. Sun san ni, sun san gidanmu, wasu ma injin niƙa ɗaya muke kai hatsi. Da maigidana ya rasu na ajiye biro. Wata ƙawata marubuciya ta zo ta'aziyya daga Kano da leda cike da littattafai, ta ce in rage zaman shiru da su. Ba ta duba abin da ta kwaso ba, ni ma ban duba ba sai da baƙi suka watse.

A tsakiyar damina ya rasu, a gonar masarar da suka gada shi da yayansa ta wajen Doguwa. Ina Bebeji a lokacin, ƙanwata ta haihu, na tafi da 'yata. Ita kaɗai Allah ya ba mu, ba ta daɗe da shiga firamare ba. Aka kira ni da hantsi aka ce in taho, jikinsa ba daɗi. Kafin mota ta sauke mu a ƙauyensu an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarsa ba. Abin da aka faɗa mini shi ne Yaya ya je gona ya tarar da shi kwance a cikin masara, rai ya yi halinsa. Yaya ne ya ɗauko shi, shi ne kuma ya yi masa wanka tare da limamin ƙauyen, su biyu. Na ce Allah ya jiƙansa, kamar yadda kowa ke cewa, na dawo ɗakina na zauna.

Goggo, ƙanwar mahaifinsu, ita aka kawo ta taya ni zama. Tsohuwa ce mai goro da tsokana. Idan ta idar da walaha sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana tsince wake, ni kuma ina ciki da littafi.

A cikin littattafan nan ba a barin gawa ta huta. Likita ya duba farce, ya duba harshe, ɗan sanda ya sa rigar mamaci a leda, a tambayi kowa inda yake a lokacin. Na gama na farko na ɗauki na biyu. Ban ji daɗinsu ba, amma na kasa ajiyewa. A hankali na gane abu biyu suke ta maimaitawa: wanda ya fara ganin gawa shi ake fara tambaya, wanda kuma ya matsa a binne da wuri akwai abin da yake gudu.

Wata rana na ce, “Goggo, ina rigar da ke jikinsa ran nan?”

“Wace riga?”

“Shuɗiyar nan ta gona. An kawo mini hularsa da wayarsa, ba a kawo riga ba.”

Ta ɗago ta dube ni. “Yau ga ikon Allah. Mata na takaba da carbi, ke kina yi da ofishin 'yan sanda. Sa rigar za ki yi?”

“Tambaya na yi.”

“To tambayi wanda ya cire ta. Ni wake nake tsinta.”

Ta ci gaba da tsintar, amma na lura ta daina tauna goron.

Daga nan na fara tuno abubuwa. Bara da rani sun yi sa-in-sa shi da Yaya a kan iyakar gonar, har maigidana ya dawo gida bai ci tuwo ba. Tudun Wada akwai asibiti, ba a kawo shi ba. Daga Bebeji zuwa ƙauyen ba tafiyar kwana ba ce, ba a jira ni ba. Na san a wurinmu ba a ajiye gawa, tun ina yarinya na sani. Amma littattafan sun koya mini wani irin kallo, na kasa cire shi. Duk Juma'a Yaya yakan zo a kan babur ɗinsa da ɗan hatsi ko rake, ya tsaya a bayan labule mu gaisa. Muryarsa ta canza, ya rame, ba ya yarda ya zauna. Idan 'yata ta ruga ta riƙe shi, sai ya dafa kanta ya kau da fuska. Ni kuwa ina leƙen hannun nan ta gefen labule.

Masara ta fara bushewa lokacin da Goggo ta faɗi maganar, kamar wadda ke faɗin farashin gishiri. Idan na fita takaba zan koma Bebeji gidan iyayena, yarinya kuma gidan Yaya za ta, ta tashi cikin 'yan'uwan ubanta. An riga an yi mata wuri a makarantar ƙauyen. Haka aka yi wa Goggo da ubanta ya rasu, haka aka yi wa uwata. Da a bara ne da ban ce komai ba, don matar Yaya mutuniyar kirki ce. Amma yanzu ana so in ɗauki 'yata in miƙa wa mutumin da nake zargi da kashe ubanta.

Ranar na ɗauki biro. Rabona da rubutu tun kafin rasuwar, matan kuma kullum saƙo suke turowa, Allah ya ba da haƙuri, yaushe za a ci gaba. Na rubuta babi guda a zama ɗaya: 'yan'uwa biyu, gona ɗaya, ƙane ya mutu, wa ya yi wanka ya ɓoye riga. Ban sa sunan gari ba. Ba sai na sa ba. Matan da ke bibiyata ko launin labule na canza a labari sai sun gane gidan wa nake nufi. Na san idan na tura, kafin la'asar maganar ta kai Doguwa, kuma babu mai ƙara ce mini in ba da yarinya. Na kwafe shi a waya, na ba maƙwabciyata ta kai mini caji. Da wayar ta dawo na ajiye ta a ƙarƙashin matashi, na ce sai na yi masa tambaya ɗaya tukuna. A littattafan ma ana ba mutum dama ya yi magana.

Juma'ar da ta biyo ya zo bayan an sauko daga masallaci. Hadari ya haɗo ta gabas, irin na ƙarshen damina mai iska. Na aiki 'yata gidan maƙwabta. Goggo tana tsakar gida tana kwashe shanya.

“Amarya, ya haƙuri?” Haka yake kirana tun ranar da aka kawo ni.

“Da godiya, Yaya. Ka zauna, ina da magana.”

Na ji ya ja kujerar tsuguno ya zauna a bayan labulen.

“Me ka gani a jikinsa?”

Iska ta ɗaga labulen na ga ƙafafunsa, duk faso.

“Amarya, mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Ke ma kin yi karatu. Amana ce.”

“Matarsa ce ni.”

“Ko uwarsa ce.”

“Ina rigarsa?”

“Na binne ta.”

“Don me?”

Goggo ta taho da zannuwa a kafaɗa. “Ke, wannan yayan mijinki ne fa, ba ɓarawon akuya ba.”

“Bar ta, Goggo,” in ji shi. Sannan ya rage murya. “Na san abin da kike tunani. Ba ke kaɗai ba ce, a ƙauye ma akwai masu kallona. Ki ci gaba da tunaninsa, na yafe. Na ɗauka. Amma kada ki matsa sai na buɗe baki. Idan na buɗe, ni zan huta. Yarinyar nan ce za ta tashi da maganar a kanta, har ranar aurenta ana nuna ta.”

Na ce, “Ban gane ba.”

“Allah ya sa kada ki gane. Ni na tsaya a gaban liman na ce a yi masa salla kamar kowa, aka yi. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.”

Ya tashi. Na ji ya tayar da babur ya tafi cikin yayyafi, ko raken da ya kawo bai sauke ba.

Na daɗe zaune a inda nake. A yi masa salla kamar kowa. Wane mamaci ne sai an tsaya a gaban liman kafin a yi masa salla? Ɗaya na sani: wanda ya ɗauki ransa da hannunsa. Ruwa ya sauko sosai, Goggo ta shigo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba.

Kan nawa ya ci gaba da aikin da littattafan suka koya masa, ko da na so ya tsaya. Sai dai yanzu ya juya ta wani gefen. Rediyon maigidana da ba ya rabuwa da ita, ya ba mai gadin makaranta kafin damina ta yi nisa, ya ce ta ishe shi da surutu. Kwanon ɗakin girki da na shekara ina magana, ya hau ya gyara shi rana ɗaya ba tare da na sake tuna masa ba. Ya rage hira, na ɗauka gajiyar noma ce. Da haihuwar ƙanwata ta zo, ni na ce in je in dawo, shi ya ce in zauna har suna, kada in yi sauri.

Sai safiyar tafiyar. Ya raka mu bakin titi, ya ɗora 'yata a mota, ya leƙo ta taga ya ce, “Ki yafe mini.” Na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ina gyara jakata a kan cinya. Kowa yana faɗin haka a bakin mota. Ban taɓa sake tuna shi ba sai ranar. A wurinmu mai tafiya ne ke neman gafarar na gida, don shi ne ba a san ko zai dawo ba. Ni ce mai tafiya ran nan. Shi yana gida.

Na ciro wayar daga ƙarƙashin matashi na goge babin. Takardun da na rubuta shi a kai na sa su a murhu da Goggo ta hura wutar tuwo. Ta ga abin da nake yi, ta gyara itace kawai.

Ba zan ce na sani ba. Babu likitan da ya duba shi, babu wanda ya faɗa mini komai da baki. Littattafan nan ma sun nuna mini cewa mai laifi zai iya zama a bayan labule ya faɗi irin abin da Yaya ya faɗa, da irin muryar. Wannan tunanin yakan zo mini har yanzu, yawanci idan ina wanke-wanke. Amma abin da na haɗa da hannuna ya fi nauyi ta ɗaya gefen, kuma dole in zaɓa kafin ranar fita.

Da aka gama girbin masara na yi wankan fita takaba. Yaya ya zo da matarsa a motar haya. Na haɗa wa 'yata kayanta a jakar makaranta da buhu ɗaya, na yi mata kitso sabo. Ta shiga mota ta zauna a cinyar matar, tana murna za ta ga awaki. Yaya ya tsaya a gefe yana kallon ƙasa. Na ce, “Ga amana nan, Yaya.” Ya ce, “Na karɓa.” Karon farko ke nan tun rasuwar da ya ɗago ya dube ni, kuma ni ce na kau da kai.

Yanzu ina Bebeji, a ɗakin da na tashi. Na koma rubuta labaran gida, matan sun ce hannuna ya yi sanyi, ba na ba su dariya kamar da. Ledar littattafan tana ƙarƙashin gado, saura biyu ban karanta ba. 'Yata tana zuwa hutu, ta yi ƙiba, ta koyi kiran kaji. A zuwanta na ƙarshe muna ɓare gyaɗa a tsakar gida ta ce, “Umma, wai me ya kashe Baba? Na tambayi Baffa ya ce in tambaye ki.”

Na ce, “Kwanansa ne ya ƙare.”

Ta dube ni ta ɗan jima, irin kallon da nake yi wa labule a watannin nan. Sannan ta miƙo hannu ta ɗebi gyaɗa.